Saura Kemo Biyu, Amma Tsoro Nake Ji Ba Murna Ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 39, 'ya'yana huɗu, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Funtuwa. Bayan babbar Sallar da ta wuce aka gano ina da sankarar mama. Aka yi mini aiki aka cire nonon hagu, likita ya rubuta mini kemo, wato maganin daji da ake ɗaurawa ta jijiya, sau takwas, duk bayan sati uku. Na yi shida, saura biyu, kuma sau biyu ana ɗage mini rana saboda jinina ya yi ƙasa. Huɗun farko jan maganin nan ne, gashina har na gira sai da ya zube. Wanda ake sa mini yanzu kuma tafin ƙafata da yatsuna ya kama, kamar ana tsira mini allura. Filin maigida ya tafi, gwalagwalaina sun tafi, ga azumi ya ƙarato. Hajiyarsa ta ce tunda an cire ciwon kuma na fara murmurewa, a bar sauran biyun, akwai mai maganin da za ta kai ni ya ƙarasa aikin. Maigida bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai dai zancen walimar da zai yi ranar da na gama.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne ni ba murna nake ba, tsoro nake ji. Duk ranar da aka ɗaura mini ruwan nan, ko da yana ba ni wuya, ina jin akwai abin da ke tsaron jikina. In an daina fa? Wata baiwar Allah da muke zama kusa da juna a ɗakin kemo ta rasu watan jiya, tun daga nan barci ya ƙaurace mini. Anti, in bar sauran biyun? Kuma wannan tsoron, ba butulci nake yi wa Allah ba?

Ƙanwarki daga Funtuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, sannu da haƙuri. Allah ya sa kaffara ce, ya jiƙan baiwar Allahn da kika ambata, ya ba nata haƙurin rashi.

Tambayarki ta farko ba ta son kwana-kwana: kada ki bar sauran biyun. Na san aski ya zo gaban goshi, kuma a nan ya fi zafi, domin gajiyar kemo taruwa take yi, ta shida ta fi ta farko nauyi. Amma ki duba abin da aka nufa da maganin tun farko. Wuƙar likita ta ɗauke abin da hannu ya taɓa da abin da hoto ya nuna. Kemon da ke biyo bayan aiki ba wannan yake nema ba. Yana bin ƙwayoyin da mai yiwuwa sun sulale ta jini ko ta kaluluwar hammata tun kafin a shiga da ke tiyata, ƙanana ƙwarai, ba hoton da zai kama su, ba kuma ciwon da za su sa ki ji a yau. Murmurewar da Hajiya ta gani gaskiya ce, alhamdu lillahi, sai dai ba ita ce ma'auni ba. Ke 'yar ƙasar noma ce. Kin san gona takan yi fes bayan noman fari, amma ba manomin kirki da zai fasa maimai don ya ga ƙasa ta yi kyau. Ya san irin ciyawar na nan kwance yana jiran ruwa.

Nacin da likitoci ke yi a cika adadi kuma ba daga son kuɗi ya taso ba. Tun 1973 wasu likitoci a birnin Milan na Italiya, ƙarƙashin jagorancin Gianni Bonadonna, suka fara gwada bai wa mata kemo bayan aikin cire nono, suka ci gaba da bibiyar matan har shekara 20. Abin da suka wallafa a 1995 ya nuna cewa waɗanda suka samu aƙalla kashi 85 cikin 100 na maganin da aka tsara musu su suka fi cin moriyarsa. Magungunan wancan zamani ba su ne naki ba, amma har gobe likitocin daji da wannan darasin suke aiki. Shida cikin takwas kuwa kashi 75 ne. Kin sayar da gwal, an sayar da fili, kin sha amai da ciwon baki da zubar gashi. Bai kamata kariyar da kika saya da wannan tsadar a ba ki ita da giɓi ba.

Amma zancen yatsu da tafin ƙafa kada ki haɗiye shi. Maganin zango na biyu, wato dangin faklitaksel da dosetaksel, yana taɓa jijiyoyin ji, kuma mata da yawa suna ɓoyewa don tsoron kada a sake ɗage musu rana. Kafin a ɗaura miki na bakwai ki faɗa wa likita dalla-dalla: ko alli na faɗuwa daga hannunki, ko ɓalle maɓalli yana gagarar ki, ko takalmi na fita ba ki sani ba, ko kina tuntuɓe. Da wannan bayanin ne zai yanke ko a rage yawan maganin, ko a jinkirta, ko a sauya. In shi ya rage bayan ya auna, wannan magani ne. In ke kika ɓace daga asibiti, wannan wani abu ne daban. Kafin nan ki daina tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, ki riƙa duba ƙafarki da dare saboda ƙaya na iya shiga ba ki ji ba, ruwan alwala mai zafi kuma ki taɓa shi da gwiwar hannu tukuna.

Sai Hajiya. Ba ƙiyayya ce ta sa ta faɗi haka ba. Ta ga ɗanta ya sayar da fili, ta ga surukarta tana dawowa daga asibiti a galabaice, a idonta maganin ne ke cinye ki. Kada ki ja da ita, babu ribar da za ki ci. Shirun maigidanki ma a ganina ba shakkar magani ba ne. Mutumin da ya rabu da filinsa don ki rayu ba zai so aikin ya tsaya rabi ba, aljihu ne ya bushe, nauyin mahaifiya kuma ya ɗaure masa baki. Ranar kemo na bakwai kada ya tsaya a waje yana jira. Ki shiga da shi gaban likita, ki yi tambayar da bakinki, "Likita, in na tsaya a shida me zai faru?", ya ji amsar da kunnensa. Shi zai kai wa mahaifiyarsa, a bakin ɗanta maganar za ta fi zama. Ke naki shi ne ki ce, "Hajiya a ci gaba da sa ni a addu'a, saura ƙiris." Ki kuma ba ta wani abin yi, ko kunun da take dama miki, ko riƙon yara a kwanakin da jiki ke kwanciya. Yawanci mai son ya kai ki wajen mai magani so yake hannunsa ya shiga cikin samun sauƙinki.

Jiƙe-jiƙe dai a'a. Hanta da ƙoda su ke tace kemo, kuma sun riga sun ɗauki kaya. Sassaƙen da ba a san abin da ke cikinsa ba yana iya rage ƙarfin maganin, yana iya ƙara masa dafi, in gwajin hanta ya tashi kuma dole a ɗage miki rana. Addu'a, ruƙiyya, ruwan zamzam, sadaka, babu wanda ya ci karo da asibiti, ki yawaita su. Amma duk abin da za a tafasa ko a jiƙa a ce ki sha, sai likita ya sani.

Kuɗin zagaye biyun nan a neme shi ba kunya. A asibitocin koyarwa akwai ofishin kula da walwalar marasa lafiya, maigida ya je ya zauna da su. Ya kuma tambaye su Asusun Tallafin Masu Ciwon Daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, wanda ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma asibitin Shika na Zariya yana cikin waɗanda aka fara da su. Takardu ne da jira, kada ku jingina rana ta bakwai a kansa, amma akwai sauran magani a gaba da zai iya ɗauka. In kina adashi da malaman makarantarku, ki roƙi a ba ki kwasa yanzu. Watan azumi kuma lokacin da mutane da yawa ke fitar da zakka ne, wanda jinya ta cinye abin hannunsa har bashi ya hau shi yana cikin masu haƙƙi. Ba bara ba ce.

Yanzu tambayarki ta biyu, wadda na san ita ce ta sa kika ɗauki alƙalami.

Ni na yi jinyar yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, a kan irin ciwon nan. Ranar da aka zare mata allurar ƙarshe kowa a ɗakin ya yi mata barka, ni har kuka na yi don daɗi. Muka shiga mota, ba ta ce uffan ba har muka yi nisa, sannan ta juyo ta ce, "To yanzu wa zai riƙa duba ni?" A lokacin ban gane ba, har na ce mata ta gode wa Allah mana. Yau ina nadamar wannan kalmar, domin godiyar tana yi, kawai dai ta ji an sake mata hannu ne a inda ba ta san hanya ba.

Ki duba yadda watannin nan suka tafi da ke. Gwajin jini, ranar asibiti, kwanakin amai, kwanakin farfaɗowa, neman kuɗi, a sake komawa. Ba ki samu sararin zama ki yi kukan abin da ya same ki ba, domin kullum akwai abin yi gobe. Yanzu da hanya ta fara buɗewa, duk abin da kika danne ya taso: nonon da aka cire, gashin, dukiyar, yaran da kike kallo da dare kina lissafin shekarunsu. Na waje suna ganin ƙarshen wahala, ke kuma kina ganin za a janye mai gadi daga ƙofa. Malaman jinya na ɗakin kemo sun san wannan sarai, ki tambayi wadda kika saba da ita ki ji mata nawa suka yi mata irin wannan kukan a zagayen ƙarshe.

Butulci shi ne mutum ya musanta ni'ima. Ke ba ki musanta ba, ni'imar ce ma kike tsoron ta kuɓuce. Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Alƙur'ani ya ce ya ji tsoro a ransa ranar da ya fuskanci matsafan Fir'auna, kuma ba a zarge shi ba, ce masa aka yi kada ka ji tsoro. Ki kai wa Ubangijinki tsoron yadda yake a sujada, ba sai kin yi masa ado ba.

Baiwar Allahn da ta rasu kuma, kun zauna ɗaki ɗaya, an ɗaura muku ruwa mai kama da juna, amma wannan bai sa ciwonku ya zama ɗaya ba. Sankarar mama mataki huɗu ce, kuma iri-iri ce. A ɗakin kemo akwai wadda ake yi wa magani don a kawar da ciwon, akwai wadda nata ya riga ya bazu zuwa ƙashi ko hanta ko huhu, ana yi mata ne don a danne shi a sauƙaƙa mata. Aiki sannan kemo mai ƙayyadadden adadi, irin naki, tsari ne na neman warkewa. Ba zan rantse miki cewa ba zai dawo ba, duk wanda ya rantse miki ma, likita ne ko mai magani, ya wuce gona da iri. Amma ki tambayi likitanki kai tsaye mataki na nawa kike. Tsoron da aka san girmansa ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda ake ta ƙiyastawa cikin dare. In kuma rashin barcin ya haura sati biyu, ko abinci da hira da yaranki duk suka fita ranki, ki faɗa masa wannan ma kamar yadda za ki faɗi ciwon ƙafa. Yana da magani.

Mai gadin nan kuwa ba tafiya zai yi ba, canji za a yi, kuma ya kamata ki san wanda zai karɓa tun kafin ranar ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki tambaya yanzu ko za a yi miki gashi, wato gasa wurin da aka yi aikin da hasken na'ura don kashe ragowar ƙwayoyin ciwon. Idan ƙullun yana da girma ko an samu ciwon a kaluluwar hammata, akan yi, yawanci 'yan makonni bayan kemo, kullum daga Litinin zuwa Juma'a na tsawon sati uku zuwa biyar. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, a arewa akan tura mutane Zariya ko Abuja ko Sakkwato, layi kuma kan yi tsawo, don haka a karɓi takardar turawa tun yanzu, a fara tunanin masauki. Ki tambayi sakamakon gwajin tsokar da aka cire. In ya nuna ciwon irin mai ci da sinadarin mata ne, za a ɗora ki a kan ƙwaya irin tamoksifen, ɗaya kullum, shekara 5 zuwa 10. Mata da yawa suna raina ta don ƙarama ce kuma ba ta zubar da gashi, su sha wata shida su watsar, alhali tana cikin manyan abubuwan da ke hana ciwon dawowa. In kuma gwajin ya nuna ciwon na da yawan HER2, wani sinadari mai sa shi saurin girma, akwai allurar Herceptin da akan yi har shekara guda. Bayan haka sai zuwa dubawa, duk wata uku zuwa shida a shekaru ukun farko, sannan a riƙa tsawaitawa, da hoton ɗaya nonon sau ɗaya a shekara. Ki sayi ƙaramin littafi ki sa a rubuta miki sunayen magungunan da kika sha da ranakunsu, musamman jan nan, doksorubisin, domin yana iya taɓa zuciya ko bayan shekaru, duk likitan da zai duba ki nan gaba ya kamata ya sani.

Walima kuma, ki roƙi maigida ya ɗaga ta. Ranar da aka zare allura ba ranar da magani ya bar jiki ba ce. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane kemo fararen ƙwayoyin jini, masu kare jiki daga cuta, suke kaiwa ƙasa, na takwas ma haka zai yi. Cika gida da jama'a, wannan na tari wancan na atishawa, kowa na son ya riƙe hannunki, ba a wannan makon ba. Ki ajiye ma'aunin zafin jiki kusa. In ya kai 38, ko kika ji sanyi yana kaɗa ki, kada a ce maleriya ce a aika yaro kemis, kada ki sha farasitamol ki kwanta. Asibiti za ki tafi ko da tsakar dare ne, ki ce musu kina kan kemo. Azumi ma, in zagayen ƙarshe ya faɗo cikinsa, jikinki na buƙatar ruwa da yawa a kwanakin. Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a aya ta 185 ta Suratul Baƙara, ki sha ki rama daga baya in likita ya ga kin yi ƙarfi.

Jiki zai dawo, amma a sannu, kuma nan ne za ki buƙaci haƙuri da mutane. Gashi kan fara tsirowa cikin wata ɗaya zuwa biyu, wani lokaci da laushi ko launin da ba nasa na da ba. Da zarar an ga gashi za a ɗauka kin koma yadda kike, alhali gajiyar kan kai wata shida, wasu har shekara. Mantuwa ma kan zo, ki shiga ɗaki ki rasa me ya kawo ki, ko sunan ɗalibi ya ɓace miki, yawanci tana raguwa. Abin da ya fi taimakon gajiyar ba kwanciya ba ce, tafiya ce, ki fara da minti goma bayan la'asar ki riƙa ƙarawa. In za ki koma aji ki nemi a rage miki darussa a zangon farko. Hannun hagu ki kiyaye shi daga yanka da ƙuna, in ya fara kumbura ko zobe ya matse ki kai shi asibiti da wuri. Al'ada in ta ɗauke tana iya dawowa a shekarunki, tana iya ƙin dawowa, amma ɗaukewarta ba ta nufin ciki ba zai shiga ba, tamoksifen kuwa yana cutar da ɗan tayi. Ku yi zancen tazara da likita ku biyu, kada ki sayi ƙwaya ko allurar tazara da kanki.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Za ki yi ciwon baya na shara ki ce shi ne ya dawo. Yayata ta samu sauƙi ne da ta riƙa rubuta ranar da abu ya fara: in ya wuce cikin 'yan kwanaki ta manta da shi, in ya kai sati biyu yana nan ko yana ƙaruwa ta tafi asibiti ba ta jira ranar da aka ba ta ba. Sabon ƙullu a ƙirji ko hammata ko wuya, ciwon ƙashi mai hana barci, tarin da ya ƙi tafiya, ido ya yi rawaya, waɗannan kada ki tsaya ƙirga musu kwana.

Abu ɗaya zan roƙe ki a daren nan. Abin da kika rubuto mini, ki faɗa wa maigidanki, bayan yara sun yi barci. Ina kyautata zaton zancen walimar nan da yake ta yi, da shi yake rufe nasa tsoron, yana ganin in ya nuna miki za ki karaya, ke ma kina ɓoye masa naki don kada ya ga kamar filinsa ya tafi a banza. Ki ce masa, "Ina tsoro, kuma ina so in ƙarasa." In an yi na takwas, jini ya dawo daidai, ku yanka abin da ya sawwaƙa, a kira Hajiya ta sa albarka. Ki rubuto mini bayan na bakwai in ji abin da likita ya ce game da ƙafar.